Gashin-ruwan Tafkinmu

Mainasara taubashina ne, don haka ba na jin nauyin faɗin gaskiya a kansa: tun muna yara, in kowa ya yi gabas shi yamma yake yi. Gilashin tagogi yake yankawa a Daura, amma abin da ya cinye masa zuciya shi ne wani akwatin gilashi da ya harhaɗa da ragowar aikinsa, ya cika da ruwa, ya dasa ciyawa. 'Yan kifayen da ke ciki 'yan rakiya ne kawai.

Ciyawar daga tafkin ƙauyenmu take, can wajen Sandamu. Gashin-ruwa muke ce mata, mai laushi, tana naɗe ƙafar mai wanka. A tafkin nan muka koyi iyo, a nan iyayenmu mata ke wanki, saboda shi muka sha bulala ba adadi. Ranar da aka zo cike shi da ƙasa don gine-gine, kowa yana kallon katafila, Mainasara ya naɗe wando ya shiga taɓo ya ciro dunƙule guda. Yau ko alamar tafkin babu, kuma ban san inda ciyawar ta rage ba sai akwatin nan. Har yanzu in na bi ta wurin raina ɓaci yake.

Renonta ba ƙaramin aiki ba ne. Ruwan rijiyarsu zartsi ne, in aka zuba shi tsagwaronsa sai ganyen ya yi fari kamar an barbaɗa toka. Don haka duk damina yakan tari ruwan sama a randuna, ya riƙa surkawa. Ma'auninsa zoɓo ne. Zai ɗebi ruwan akwatin a kofin gilashi ya ɗiga jiƙaƙƙen zoɓo. In ya tsaya ja-ja, lafiya lau. In ya yi duhu kamar an sa masa kanwa, zartsi ya yi yawa. Sai kuma kwalbarsa ta sukari da yis da ruwa, da siririn tiyo zuwa cikin akwatin, kumfa na fita ɗai-ɗai. Ya ce irin iskar da muke fitarwa ce in mun numfasa, ita ciyawa ke ci da rana. Da magariba yakan zare tiyon, in ba haka ba kifayen su tashi sama suna haki.

Shekarar da aka yi masa aikin ido a Katsina, yayarsa Hajiya Murjanatu ya bar wa gidan. Mace ce mai tsantseni da tsabta, ba ta ganin abu ta ƙyale. Ta buɗe kwalbar, warin burkutu ya buge ta, ta yi salati ta tuttular. Ruwan randunan kuwa, ganin ya daɗe a ajiye, ta wanke tsakar gida da shi, ta cika akwatin da sabon ruwan rijiya.

Ni na rako shi gida, ido ɗaya a liƙe. Ciyawar ta narke, saura zare guda yana lilo a lungu.

"Yaya, ina kwalbar?" ya tambaya a hankali.

"Na zubar. Da furfurarka, a ce giya a ɗakin da kake salla?"

"Ba sha nake ba, Yaya. Abincin ciyawar ne."

"Ciyawa dai? Ga ta nan birjik a bayan gari."

"Wannan babu ita a bayan gari. Gashin-ruwa ce, ta tafkinmu."

Hajiya ta matso ta tura hannu a ruwan. Zaren ya naɗe mata yatsa. Ta ce, "Inna ce ke cire min ita a yatsun ƙafa in mun gama wanki." Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ana tsakiyar rani, amma ta bi gida-gida har ta samo jarkar ruwan sama wajen wata tsohuwa. Ta haɗo da sukari da ƙullin yis ta dire a gabansa. "Haɗa abin naka," ta ce, "amma kada ka buɗe kwalbar ina wurin."

Mainasara ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Akwatin yana ɗakin Hajiya, kuma zaren nan ya yaɗu ya cika shi. Da na je gaishe ta kwanan baya, na tarar kwalbar a bayan ƙofa, lulluɓe da tsumma, tana aikinta. Ita kuma ta ɗaga kofin zoɓo wajen hasken taga tana ƙanƙance ido.

"Saminu, idona ya fara gajiya. Duba min, ja ne?"

Na ce ja ne.

"To, zauna in nuna maka yadda ake haɗawa. Cikin waɗanda suka yi wanka a tafkin nan, daga ni sai kai."