Ranar da muka tauye mudu a gaban Mama

Shekarun baya, ban daɗe da gama jami'a ba, ni da abokina muka kafa 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo a Samaru. Mu bakwai ne, ofishinmu gindin mangwaro, kuma mun sha alwashin ba za mu nuna wasan kowa ba sai wanda muka rubuta da hannunmu. Ni ne marubuci, ni ne darakta, kuma a lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba.

Mahaifiyata hatsi take sayarwa a kasuwar Sabon Gari, kuma ba ta ga abin da zai ciyar da mutum a wannan harkar ba. Ta ce ta ba ni zuwa Kirsimeti, in ban nuna mata abin kirki ba, in tattara in dawo rumfa. Sai na rubuta wasa a kan wata mai hatsi mai gaskiya, wadda maƙwabciyarta ta yi wa sharrin tauye mudu. Labarin Mama ne, suna kawai na sauya. Na ɗauka in ta ga kanta a dandamali za ta sauko.

Wata ƙawarmu ce ta fito a mai hatsin. 'Yar malamin jami'a ce, ta iya wasa ƙwarai, amma ba ta taɓa riƙe mudu ba. Ni kuma da na tashi a rumfa, wata biyu na bar ta tana gwaji da mudun da babu komai a ciki, hankalina duk yana kan kalmomina masu daɗi.

Wata Asabar muka nuna wasan a zauren cocinmu. Mama ta zo da ƙawayenta na kasuwa, suka cika layin gaba. Ranar ce muka fara zuba gero na gaske. Ƙawarmu ta cika mudu, ta sa hannu ta shafe kansa daidai da baki, ta juye wa mai saye. A kasuwa kuwa sai mudu ya yi tozo, a tara hannu a gefe, a ƙara gyara. Nan take zaure ya ɗauki gunaguni. Da maƙwabciyar ta fito tana zargin mai hatsin da tauye mudu, matan suka hau tafa mata, har wata ta ce ai gaskiya ta faɗa. Wasan da na rubuta don in wanke mahaifiyata ya koma yana tabbatar da sharrin, a gaban mutanen da suka san labarin.

Ina bayan labule, kunya kamar in nutse, sai na ga Mama ta miƙe. Na ce shi ke nan, fita za ta yi. Sai ta gyara ɗaurin zaninta, ta hau dandamali, ta karɓi mudun.

"'Yata, in ni kike yi, to ba haka nake awo ba. Duba nan."

Ta cika shi har gero yana zuba, ta ƙara gyara da tafin hannu, ta miƙa mata. Ta ce a sake daga farko, ta koma ta zauna. Muka sake, kuma a wannan karon maƙwabciyar ce ta sha tsaki har aka tashi.

A keken haya mai ƙafa uku muna komawa gida, Mama ba ta yaba ba, ba ta kushe ba. Sai da muka kusa sauka ta ce, "Wasa na gaba, ka kawo 'yan wasanka rumfa su yi sati kafin ka sake kunyata ni."

Ban ji sauran maganar sosai ba. Wasa na gaba kawai na ji, kuma saura kaɗan in yi kuka a gaban mai keke.

Har yau ƙungiyar tana nan, kuma ba ma nuna sabon wasa sai 'yan wasan sun je sun zauna da masu sana'ar. Na koyi cewa mutane za su yafe maka rubutu mai rauni, amma ba za su yafe ka yi musu ƙarya a kan aikin hannunsu ba. Mama ta tsufa, ta bar kasuwa, amma duk gwajin ƙarshe tana layin gaba, kuma har yanzu ita kaɗai nake tsoro a zauren.