Igiyar Bahago

A shekarun da ake aikin madatsar ruwa ta Bakolori, ina koyarwa a firamaren garinmu, kusa da Bakura. Wata safiyar Alhamis aka tsinci gawar mutum biyu cikin sabuwar hanyar ruwan da ake haƙawa a bayan gari. Baƙi ne, leburori, ba wanda ya san garinsu. An haɗa ƙafafunsu an ɗaure da igiyar rama. Na je na gani da idona kafin 'yan sanda su zo daga Talata Mafara su ɗauke su.

Bayan la'asar majalisar ƙofar masallaci ta cika, kowa ya zama mai bincike. Tela ya ce ɗayansu ba takalmi a ƙafarsa, ke nan wani wuri aka kashe su aka jawo su. Mahauci ya ce raunin ba na wuƙa ba ne, shi ya san aikin wuƙa.

"Kai dai ka san na akuya," in ji tela. Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take.

Ni ma na so a ji nawa. Na ce, "Kun lura da igiyar? Tufkarta hagu ta nufa. Bahago ne ya tufka ta."

Sai a lokacin na tuna bahago ɗaya ne ke tufkar igiya a garin, kuma yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Na yi sauri na ce ai igiyarsa tana kowane gida, a guga, a turke, a wuyan jaki, kowa zai iya ɗauka. Gaskiya na faɗa, amma ita ta ƙara ɓata lamarin. Washegari mata suka zo rijiya da guga ɗaure da tsumma. Maƙwabcinmu ya ƙone igiyar jakinsa, na ji warin ta katanga. Kowa na tsoron a ga irinta a hannunsa. Kafin kwana uku, igiyar bahago ba ta rage ko'ina ba sai a zauren yayana, tuli guda.

Na same shi zaune kusa da tulin. Na ce, "Yaya, ka kawar da su."

Bai dube ni ba. "Malam, kai ne mai boko. In na ƙone, mi za su ce? In na bari, mi za su ce?"

Ranar Litinin 'yan sanda suka dawo. Maganata ta riga ta isa kunnensu, suka tafi da shi. Kwana biyu ina zaga gari ina neman gida ɗaya da zai ce ya taɓa sayen igiyarsa. Ana gaishe ni da kyau, ana tambayar makaranta, ana raka ni har bakin ƙofa.

A bayan masallaci na samu igiyarsa. Makarar da ake ɗaukar mamatan gari, da igiyarsa aka saƙe ta tun shekaru, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin kwance ta. Na roƙi liman ya bi ni, muka shaida wa 'yan sanda cewa igiyarsa ba a hannunsa kaɗai take ba, ɗayansu ya zo ya duba. Da yamma suka sake shi.

Har yau ba a san wanda ya kashe mutanen nan ba. Yayana ya koma noman tumatir a bakin ruwa. Bai taɓa yi mini maganar ba, bai kuma sake tufkar igiya ba. Da igiyar makarar ta tsufa, daga kasuwar Damri aka sayo wata.