Shekarun da Gidaɗo Ya Samu Ƙari

Lokacin da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, babu mai shiga kasuwar shanu ta Jega bai ji muryar Gidaɗo dillali ba. Bafulatani ne ɗan Gumbin Kure, dogo, mai barkwanci. Mahautan Aliero ba su taya bijimi sai sun tambaya, "Ina Gidaɗo?"

Fitsari ne ya fara yi masa gardama, ya ɓoye wa kowa. Da ƙugu ya hana shi tsayuwa, matarsa Mairama ta matsa har suka hau mota zuwa asibiti a Sakkwato. Likita ya ce ciwon daji ne a ƙarƙashin mafitsara, har ya kai ƙashi. Ya ce ciwon da sinadarin mazakuta yake rayuwa, in aka cire 'ya'yan maraina zai lafa.

Gidaɗo ya ce, "Likita, dandaƙa ce ke nan, irin ta bijimi?"

Mairama ta sunkuyar da kai. "Malam, ka yarda. Ni dai in gan ka bisa ƙafafunka."

Ya yarda. Kafin kaka ya koma kasuwa, ya yi ƙiba, zufa na keto masa ko da sanyi, yana fifita da malafa. Abokai suka ce ya daina faɗa. Ranar da babu kasuwa yakan zauna gindin ɗorawa yana taya Mairama ɓarar gyaɗa, abin da bai taɓa yi ba. A shekarun nan ne ya aurar da autarsu Kaltume, ya ga ɗanta na fari.

Sai ciwon ƙugun ya sake tashi. Likita ya ce ciwon ya sauya hali, ya koyi rayuwa ba tare da abin da aka hana shi ba, kuma ba su da wata dabara.

"To, madalla da abin da aka samu," in ji Gidaɗo. "Mairama, mu tai gida."

Da damina ya roƙi a kai shi Jega. Direbobi suka kwantar da shi a gaban mota, mahauta suka shimfiɗa masa tabarma bakin kara, inda ake cinikin shanu. Ya yini yana kallon shanu, har ya sasanta wani ciniki daga kwance, ya sa aka tafa hannu. Bai sake fita ba. Ya rasu gero na fitar da kai, aka yi jana'izarsa a Gumbin Kure, mutanen Aliero suka zo cike da mota.