Canjin Hannu

A bayan kasuwar goro ta Agege, daf da layin dogo, akwai gangar jikin wata tsohuwar bas da ba ta da taya ko ɗaya, a kan bulo take zaune. Shekara biyu bayan sojoji sun koma bariki, lokacin da ake ta raɗe-raɗin gwamnatin farar hula za ta kori molue, manyan bas-bas ɗin haya na Legas, daga tsakiyar birni, sai wasu tsofaffin direbobi suka tashi haiƙan wai za su adana tarihi. Suka kori awakin da ke ciki, suka share, suka yi mata fenti. Kowa ya kwaso tarkacen da matarsa ta daɗe tana neman dalilin zubarwa: tsohuwar lambar mota, ƙararrawa, hular direba da asu ya cinye, madubin gefe. Duk Lahadi bayan la'asar sai su taru a ciki, a sha shayi, a yi ta tuƙa, da fatar baki, motocin da suka ruɓe tun ina goye.

Ni mai hoto ne, shagona na bakin titi, kuma a lokacin na haura talatin. Ban taɓa tuƙa ko amalanke ba. Amma ɗan direba ne ni, shi ya sa aka bar ni ina zama a kujerar baya. Mahaifina ya rasu ina sakandare, kuma ba zan ɓoye ba, a cikin wannan bas ɗin kaɗai nake jin kamar yana kusa.

Zaman yana da tsari. Direbobi a gaba, kwandastoci a baya wajen ƙofa, su ke zuba shayi. Wanda ya kafa wannan doka shi ne shugaban ƙungiyar, wani ƙato da ya shekara ashirin yana jan molue zuwa Obalende. Bakinsa ya fi hon ɗin motarsa ƙara. In ya sa mutum a gaba, sai dai ka yi dariya tare da shi, ko kai ma ka shiga layi.

A layin gaba, ta hagu kusa da taga, wani ɗan tsamurmurin tsoho mai sayar da goro ke zama. Muryarsa a dushe take kullum, kuma muddin yana cikin bas ɗin hannayensa biyu na cikin aljihun riga. Baba nake ce masa. Kowa a Agege ya san shi a tsohon direban Agege zuwa Iddo. Waɗanda suka san gaskiya sun mutu ko sun koma Arewa, saura ni da mahaifiyata. Baba bai taɓa riƙe sitiyari ba. Kwandastan mahaifina ne, shekara goma sha ɗaya yana lilo a ƙofa yana kiran fasinja, har muryar ta tafi. In fasinja ya ce “owa”, wato zai sauka, shi ke buga jikin mota sau biyu da tafin hannu, mahaifina ya taka birki.

Na taɓa kai ƙara wajen mahaifiyata. Ta ce, “Me ya rage ka da shi? A kafaɗarsa ka yi wayo. Ka rufa masa asiri.”

Na rufa. Har ranar da ya ba da labarin yadda birki ya tsinke a gangaren Iddo, ya dinga rage giya har ya kwantar da motar a jikin tarin yashi ba a rasa rai ba, na haɗiye. Mahaifina ne ya yi wannan aikin, Baba yana ƙofa yana salati. Na ci gaba da shan shayina.

Abin da na kasa haɗiyewa ya faru ne a rumfarsa. Yana da 'ya guda ɗaya, sa'ata ce, nas a wani asibiti a Abule Egba. Ba ta kiransa Baba. “Direba” take ce masa, cikin wasa da ƙauna, shi kuwa sai ya washe baki. Ran nan na je sayen goro na tarar dangin mijinta sun zo daga Arewa, Baba ya fito da hotonsa yana nuna musu. Hoto ne baƙi da fari na wata bas mai dogon hanci, an ɗauka daga gefen hagu. Ga Baba yana saurayi a tagar gaba, ya fito da gwiwar hannu waje. A bayansa cikin duhu akwai inuwar wani mutum da hula.

Ɗaya daga cikin baƙin ya ce, “Wannan na ciki fa?”

Baba ya ce, “Yaron motata ne. Malalaci, kullum barci.”

Bai ga ina tsaye ba. Na san hular nan. Har yau tana cikin akwatin mahaifiyata. Na koma shago ba tare da goron ba.

Sai na yi wa na baya bayani. Duk wanda aka haifa bayan canjin hannu, in ya ga mutum a tagar gaba ta hagu, direba ya gani, don nan sitiyari yake a yau. Amma wannan hoton an ɗauke shi kafin a canza hannu, lokacin da motoci ke bin hagun titi, sitiyari kuma na dama. Wato Baba a kujerar fasinja ya zauna aka ɗauke shi, direban yana can ɗaya ɓarin. Shi ya sa yake nuna hoton ga yara da baƙi, amma bai taɓa kawo shi cikin bas ɗin ba. Tsohon direba kallo ɗaya zai yi masa.

Shugaba dai ya daɗe yana shinshinar wani abu. Wata Lahadi ya sanar cewa bayan Babbar Sallah za a yi baje koli, kowa ya gayyato iyalinsa. Za a jera hotuna a bangon bas ɗin, direbobi a layin sama, kwandastoci a ƙasa. “Wanda ba shi da hoto a bakin aiki,” in ji shi, “ya koma baya ya riƙe buta. No story.” Yana faɗa yana kallon tagar hagu.

Da hantsin Talata Baba ya shigo shagona. Ya jira mai ɗaukar fasfo ya fita, ya zaro hoton daga cikin leda uku.

“Ɗana, an ce ku masu hoto kuna iya juya abu.”

“Juyawa yaya, Baba?”

“Na hagu ya koma dama.” Bai dube ni ba. “Kai ka san komai. Yarinyar nan za ta zo, da mijinta. Tun tana ƙarama haka ta san ni. Ba don waɗancan ba, wallahi, don ita.”

Aikin ba wuya. In ɗauki hoton da kyamara, wajen wankewa in kifa fim ɗin, shi ke nan Baba ya koma dama. Na ce ya dawo jibi. Ya yi ta sa mini albarka har bakin ƙofa.

Sai dai a jikin motar, ƙasa da gwiwar hannunsa, akwai rubutu da farin fenti: AGEGE – IDDO. In aka kifa fim, rubutu ma kifewa yake. Na gani tun kafin ya fita. Gyaransa bai fi in tare wurin da yatsa ba lokacin da haske ke sauka a takarda, ko in datse ƙasan hoton. Almajirin hoto na wata uku ya san wannan. Ban tare ba, ban datse ba. Na ma zaɓi babbar takarda, na wanke shi tas, har ana iya ƙirga ƙusoshin jikin motar. Ina yi ina jin kalmar nan, malalaci.

Baba ajami kaɗai ya iya, boko a wurinsa zane ne. Da ya zo karɓa ya riƙe hoton da hannu biyu ya daɗe yana kallo, idonsa ya kawo ruwa.

“Ka ga, kamar gaske,” ya ce. Ya ajiye mini farin goro manya guda biyar. Na ci.

Ranar baje kolin bas ɗin ta cika maƙil, har da masu leƙe ta taga. Mata sun kawo dafa-duka da zoɓo. 'Yar Baba ta zo da mijinta, ta ɗinka wa uban sabuwar shadda ruwan toka. Tana shigowa ta hango hoton a layin sama, ta ce, “Kai, Direba! Ka ga gayu!” Baba ya gyara hula.

Shugaba ya ɗauki sanda yana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi motarsa da layinsa. Da ya iso na Baba sai ya tsaya. Ya matsa kusa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Na ga lokacin da gefen bakinsa ya fara rawa.

“Mai hoto,” ya ce, “idona ya tsufa. Zo karanta mana ina motar nan ta nufa.”

Nan ma ƙofa a buɗe take. Ina iya cewa kuskurena ne, na kifa fim ban sani ba, a yi mini dariya a wuce. Na taso daga kujerar baya, na gyara murya.

“Oddi,” na ce. “Oddi zuwa Egega.”

“Ina ne Egega, jama'a? Ko bayan Abeokuta ne?” Dariya ta fara tashi. “Baba, motarka da ajami aka rubuta ta? Daga dama take farawa?”

Ya sa hannu ya ciro tsohon madubin gefen nan daga bango, ya kara shi a jikin hoton, ya juya shi yadda kowa zai gani. A cikin madubin rubutun ya miƙe, Agege, Iddo, Baba kuma ya koma tagar hagu. Tsofaffin suka gane a take. Wani ya faɗi daga kujera yana riƙe ciki. Matasa suna tambaya, ana yi musu bayanin canjin hannu da ƙarfi, da Hausa da Yarabanci, don kada kowa ya tashi bai fahimta ba.

Baba ya miƙe. Ya ce a dushe, “Mai hoton ne ya yi kuskure.” Ya dubo ni.

Na ce, “Aikin da aka sa ni na yi. Wannan inuwar ta ciki kuma, da ake ce wa malalaci, mahaifina ne. Shi ne direban.”

Ya kama hanyar ƙofar baya. Wurin a cike yake, sai ya fito da hannayensa daga aljihu yana dafa kujeru. Ya kai ƙofa, ya kama ƙarfen, ƙafa ɗaya a matakala. Sai shugaba ya ƙanƙance murya irin ta 'yar kasuwa mai kaya, ya ƙwalla daga gaba:

“Owa o!”

Tafin hannun Baba ya sauka a jikin motar. Fam, fam. Sau biyu, kafin shi kansa ya san ya yi.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba, bas ɗin har girgiza take a kan bulo. Ni ma na yi, har da hawaye, kuma ta yi mini daɗi. Baba ya tsaya yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya sauka. Shugaba da kansa ya cire hoton ya manna shi a layin ƙasa. Ban ga fitar 'yar ba, sai kularta ta zoɓo da ta bari.

Mahaifiyata ta ji labari kafin in isa gida. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Ranar birkin nan, da ya kai su yashi, ubanka kasa sauka ya yi don rawar jiki. Mutumin nan ne ya goyo shi.” Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Bayan kwana huɗu 'yar ta shigo shagona da fararen kayan aiki. Ainihin hoton ta zo karɓa, wanda Baba ya manta a wurina don murna. Na miƙa mata, na fara cewa ai gara ta san gaskiya.

“Gaskiya?” ta ce. “Ina shekara bakwai Inna ta shiga motar nan da ni za mu Iddo. Na gan shi a ƙofa yana ihu, wata mata na zaginsa. Ya juya baya don kada in gane shi, Inna ta matse mini hannu. You think say I no know? Kai ne za ka gaya mini aikin ubana?”

Ta ci gaba:

“Ni na sani. Shi ne bai san na sani ba, kuma da wannan yake tashi da safe.” Ta sa hoton a jaka. “Kwana huɗu bai ɗaga ido ya dube ni ba. Na ce Direba, ya juya fuska bango. Na ce Baba, ya fashe da kuka. Kai mai ilimi, gaya mini da wane suna zan kira shi yanzu.”

Ba ta jira amsa ba. Kafin ƙarshen wata Baba ya bar wa wani rumfar, ya hau motar shanu da ke komawa Arewa, zuwa ƙauyen da ya bari tun yana saurayi. Ba ta sake ganinsa ba.

Lahadin da ta biyo bayan baje kolin na je bas ɗin kamar kullum. Na nufi kujerata ta baya, sai shugaba ya kira ni.

“Ɗan direba, taho gaba. Ka yi mana aiki.”

Ya nuna mini wurin da babu kowa, layin gaba, ta hagu, kusa da taga. Wani kwandasta ya miƙo mini shayi. Na zauna, ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba, kuma ban san lokacin da na fitar da gwiwar hannuna waje ba.