Dodon Koɗi Mai Baki a Hagu

Bari in fara da tona wa kaina asiri: na yi kusan wata biyu ina taƙama da ciwo. Ranar da na fara ganin ɗigon jini a ƙarshen fitsarina, a bayan gonar shinkafarmu ta hanyar Bunkure, ko kaɗan ban tsorata ba. Murna na yi. Mu biyar ne muke wanka a kanal, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, kuma ni kaɗai na rage ban ga jinin ba. Dukkanmu mun yarda cewa shi ne alamar yaro ya zama namiji. Daga ranar tafiyata ta canza. Na riƙa buɗe hannuwa kamar na rungumo kankana a kowace hammata, ina shafa haɓar da ko gashi ɗaya babu.

Da na yi shiru da bakina, da ban san inda zan kai ba. Allah ya taimake ni da surutu. Na kai wa Kaka labari, mahaifiyar babana, wadda tun ina rarrafe take kirana maigidanta. Na same ta tana cire ƙanzo a tukunya da makankarinta, wani ɓawo mai sheƙi da ya girmi babana.

"Tsohuwa, ki fara shiri, maigidanki ya girma."

"Girman me? Ba kai ne jiya bunsuru ya kora har ka zubar da kunu ba?"

Na sunkuya na raɗa mata, ina jiran guɗa. Sai ta ajiye makankarin a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun ana dashen shinkafa."

"Tsargiya ce, shashasha. Ƙanena haka ya ɗauke ta da wasa, har ya zama magidanci fitsari ya riƙa gagararsa. Ni na yi jinyarsa, kuma bai tashi ba."

Ban taɓa jin muryarta haka ba. Kankanar da ke hammatata ta faɗi.

Washegari ta tasa ni gaba har asibiti a Kura, tana riƙe da gefen rigata kamar zan gudu, kuma gaskiya na yi niyya. Ma'aikaciyar asibitin ta gwada fitsarin, ta auna nauyina, ta sa na ci abinci, sannan ta miƙo mini ƙwayoyi masu girman bulo. Ɗacinsu kuwa, ina jin har jikokina za su ji shi. Ta ce, "Dodon koɗin kanal ne yake yaɗa ta. Kada ka sake shiga ruwan nan."

Maganar tata kashi biyu ce. Ni kashin farko kawai na ji.

Ranar Asabar, da jirin maganin ya sake ni, na ɗauki bokiti na fita ɗaukar fansa. Na shiga kanal har ƙugu, ina laluben ciyawa ina kwaso dodon koɗi, ina zaɓen manya-manya. A tunanina, wanda ya iya kayar da ƙato kamata dole ne shi ma ya zama ƙato. Ran Litinin na ɗauki fursunonina na kai wa malaminmu na bayoloji. Kafin in shiga aji warinsu ya riga ni gaisawa da kowa.

Malam ya leƙa bokitin, ya dube ni. "Da hannu ka kwaso su?"

"Da hannu, Malam, har da ƙafa."

Ya dafe kai ya yi salati. Na zaci bulala ce za ta biyo baya. Sai ya aika aka aro faranti da cokali, ya ce darasin yau ya zo da kansa, kowa ya matso amma kada wanda ya taɓa.

Ya fara da manyan, masu girman lemon tsami. Ya nuna mana wani ɗan murfi da suke jawowa su rufe ƙofarsu idan sun tsorata, har su jure bushewar ruwa a cikin laka. "Waɗannan ganye suke ci, ba ruwansu da tsargiyarka." Wato kusan duk bokitina marasa laifi ne. Ya ware wasu dogaye masu tsini kamar bakin fensir, ya ce su ma a sallame su. Ya ɗago wani shafaffe, a naɗe kamar maganin sauro na kunnawa, ya ce wannan yana ɗaukar tsargiya, amma ta hanji. Sai ga guda biyu masu ɓawo bibbiyu a manne kamar littafi a rufe. Na gane su nan take.

"Malam, ai wannan makankarin Kaka ne!"

Ya ce ɗan uwan dodon koɗi ne, ko kai ba shi da shi, yana kwance a laka yana tace ruwa yana cin abin da ya samu. Ashe shekara da shekaru Kaka da rabin ɗakin wani take kankare tukunya.

Can a ƙasan bokitin, jikin wani ruɓaɓɓen ganye da ya biyo ni ban sani ba, Malam ya ɗauko wani ɗan mitsitsi da bai kai ƙwayar wake ba. Ya juya tsininsa sama, bakinsa yana kallonmu. Ya jera shi da babba. Bakin babban yana dama, na ƙaramin yana hagu.

"Ga mutuminka."

Na ji kunya ta kama ni. A ce wannan ɗan abin ne ya kayar da ni!

"Shi ma ba da ita ya zo duniya ba," in ji Malam. Ya bayyana mana cewa ƙwan tsutsar da ke kawo tsargiya a fitsarin mai ciwon yake. Idan ya shiga ruwa sai ya ƙyanƙyashe, ya nemi wannan dodon koɗin ya zauna a jikinsa ya yi yawa, sannan ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Sai ya ajiye cokali. "To, wa yake fitsari a kanal?"

Abokaina huɗu suka fara ƙirga kwanon rufi. Ni kuwa na tuna har gasar nisa muke yi daga kan gada, kuma ni ne zakara.

Bayan an tashi Malam ya tsayar da mu biyar. Bai yi mana dariya ba ko sau ɗaya, kuma wannan ba zan manta da shi ba. Ya rubuta wa iyayen kowa takarda. Ni kuma ya ce maganin da na sha ba ya hana sabuwa shiga, don haka yaƙina na ranar Asabar ya mayar da ni baya, sai na koma asibiti bayan wasu makonni.

Da na gaya wa Kaka ta bi ni da muciya har zaure, tana cewa ita kam ta yi dacen miji, an ce masa wuta ce ya koma ya tsoma ƙafa ya tabbatar. Amma ita ce ta tsare babana sai da ya sayo mini dogon takalmin roba na ban-ruwa, ita ce kuma ta riƙa shinshina kaina idan na dawo, ko na yi wankan kanal. Allah ya saka mata da alheri, ita da Malam da baiwar Allah mai ƙwayoyin bulo. Haɓata dai har yau babu gashi, Kaka na duba mini duk Juma'a.

Na sha maganin karo na biyu. Uku daga cikin abokaina sun sha nasu, na huɗun iyayensa sun ce a bar shi zai wuce da kansa, kuma har yanzu yana ganin jinin. Ni da aka sake gwada fitsarina bayan girbin shinkafa, ba a ga komai ba.