Urho Mai Zaɓen Duwatsu

A ƙauyenmu na bakin tafkin Superior, arewa da birnin Duluth a ƙasar Amurka, duk gidan jikokin mutanen Finland akwai sauna, ɗakin suracenmu na ranar Asabar. Kuma duk murhun sauna da ka leƙa, Urho Koskela ne ya zaɓo duwatsun cikinsa. Shekara arba'in yana wannan aiki, ladansa gahawa da bandar kifi.

Iliminsa kaf a kan dutse biyu ya tsaya: giranit, ja-ja mai ƙyalli, da gabro, baƙi wuluk. Dukansu ƙwayoyinsu manya ne, ido na gani. Sai dai giranit kyau ne kawai gare shi. Ya sha wuta ka watsa masa ruwa, sai ya tsage, wani lokacin har ya yi tsartuwa. Gabro kuwa ga muni ga nauyin tsiya, amma yana riƙe zafi, suracensa mai laushi.

"Ni da Lempi ke nan," in ji Urho. "Ita ce jan, ni ne baƙin."

Matar tasa takan harare shi ta ce, "Nauyin dai na yarda, tsoho."

Bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Sai ga 'yarsu Helmi, ma'aikaciyar jinya, ta taso daga birni da hukuncinta: Baba ya daina zaɓen dutse, kar ya ɗauko ja ya fashe a fuskar wani. Za a sayo na kanti, a kwali. A kwali! Ni maƙwabciyarsu ce, wallahi raina ya ɓaci, don na san in aka raba shi da bakin tafkin nan an gama da shi.

Urho bai yi musu ba. Ya ce, "Ɗauko bokiti mu je. In na kuskure ko ɗaya, na bari."

Na bi su, dama ba a gayyatata irin wannan wuri. Ya sa Helmi ta ɗaure masa ido da gyale, tana miƙo duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya jinjina a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da wani, ya kasa kunne. Baƙi ya faɗa bokiti, ja ya koma ruwa. Har sha tara bai kuskure ba.

Na ashirin ja ne, sai ya riƙe shi gam.

"Baba," in ji Helmi a hankali, "ka ga abin da nake gudu ko? Ja ne wannan."

"Na sani mana, sakayau yake kamar burodi. Ai ba na murhu ba ne, na uwarki ne. Duk shekara dutse ɗaya nake kai mata. Waɗanda kika taso kina gani a jere a tagar kicin, da ƙafarsu suka zo?"

Ya kwance gyalen, ya kai dutsen dab da hanci, ya juya shi, sannan ya miƙa mata.

"Abu ɗaya ne hannu ba ya gaya min. Duba min, 'yar nan, yana da kyau?"

Ta daɗe tana kallon dutsen. Sai ta goge ido, ta tuɓe takalmi ta shiga ruwan sanyin nan har gwiwa.

"Tsaya, Baba, na hango wanda ya fi shi."

Bana ma ta zo, ita ce mai riƙon bokiti. Shi yana zaɓen baƙi, ita tana zaɓen ja.