Gidan Allurar Baba Audi

Duk alhajin da takalminsa ya taɓa tsinkewa a bakin masallacin Ƙiblatain a shekarun casa'in ya san Baba Audi baduku. Tsoho ne dogo, mutumin Misau, ga baki kamar reza. Kana miƙa masa takalmi zai hau ka da faɗa: "Da wannan ka zo garin Manzo? Haba, Alhaji!" Sannan ya ɗinke maka shi tsaf, ya haɗa ka da dabino biyu.

Alluransa a cikin harsashi suke zama, tsohon harsashin bindigar sojan Japan. Wani maƙeri a Sudan ya zazzage masa albarushin, kan harsashin ya zama murfi. Ɗansa Abdulmajid, haifaffen Madina, ya sha cewa da Larabcinsa, "Khalas ya abuya, ya isa haka Baba, jefar da abin nan kafin 'yan sanda su gani." Tsohon ya ce idan sun zo shi za su kama, ba Abdulmajid ba.

Labarin harsashin kuwa ko matarsa ba ta sani ba. Shi ya ja abokinsa Sabiru suka shiga soja zamanin yaƙin Boma. Sabiru bai so ba, don matarsa Asama'u na da tsohon ciki. Ranar tafiya ta leƙo ta zaure ta ce, "Audi, kai ka ɗauke shi, kai za ka dawo da shi." Shi kuma da rawar kai ya ce ta sha kuruminta.

A can daji samari na tsintar kayan Japanawa don a zo gida a yi burga. Sajan ya hana tsintar harsashi, domin na Japanawa da na Ingilishi kamar tagwaye suke: na Japan ya ɗan fi tsawo, kuma gindinsa ba shi da leɓen nan da bindigar Bature ke kamawa. Audi ya ji, ya yi kunnen ƙashi, ya jefa guda ɗaya cikin jakar harsasansa. Wata rana da hantsi aka yi musu kwanton ɓauna a bakin rafi. Harsasan Sabiru suka ƙare, ya miƙo hannu, Audi ya damƙo ya ba shi bai duba ba. Bindiga ta cije. Sabiru ya ɗago yana kokawa da ita, a nan harbin Japanawa ya same shi. Da ƙura ta lafa Audi ya zaro abin da ya toshe bindigar, ya gane tsintuwarsa.

Da ya dawo Misau ya tarar an haifi mace, Raliya. Ya durƙusa gaban Asama'u ya ce ajali ne, kuma shi ya ɗauko gawar a kafaɗa. Bai yi ƙarya ba, amma ya haɗiye rabin maganar. Ta yi ta sa masa albarka, albarkar nan ce ta kore shi daga garin. Ya kama hanyar gabas a ƙafa, ta Chadi da Sudan, shekara huɗu kafin ya ga Madina.

Ya yi aikin dabino a Badr, ya yi dako, ya yi aure, ya zauna kan dukanci. Salla a masallacin Annabi ba ta wuce shi. Sai dai ya san abin da malamai ke faɗa, haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, kuma kullum ya buɗe gidan allura sai maganar ta soke shi. A shekarar tamanin da uku Asama'u ta zo hajji tana cigiyarsa gida-gida. To, namijin duniya, wanda ya ga yaƙi, me ya yi? Ya cika wandonsa da iska ya koma Badr, ya ɓuya cikin gonaki har jirginsu ya tashi. Tir! Shi da kansa yake faɗa wa kansa haka.

A casa'in da tara, bayan hajji, wata mata mai furfura ta sauko daga motar masu ziyara ta tsaya a kansa. "Sannu, Baba. Kai ne Audi na Misau? Ni ce Raliya, 'yar Sabiru." Ya dube ta, goshin nan na ubanta ne sak. Ta kwance ƙullin daddawa da kuka ta ajiye masa, ta ce ta zo godiya.

Wannan karon babu hanyar Badr, ƙafar ma ta tsufa. Ya shimfiɗa mata kwali ta zauna. Ya zazzage alluran a tafin hannu, ya nuna mata gindin harsashin inda babu leɓe, ya faɗa mata komai, har da hanin sajan, har da gudun da ya yi wa uwarta. Sannan ya ce, "'Yata, kwaɗayin burga ne ya sa kika tashi marainiya. Shekara hamsin da biyar ina jin kunyar Allah. Ki kai wa Asama'u maganar nan, ki roƙar mini ita."

Raliya ta ji direbansu ya fara danna oda. Ta share ido da bakin mayafi.

"Baba, ni ban san shi ba, ban san me na rasa ba. Nawa na yafe. Inna ce ta san shi. Da ta zo nemanka, so take ta ji ko ya ambace ta, ko ya samu yin shahada. Har ta kwanta ciwo tana cewa Audi kaɗai ya sani. Ta rasu bara, kafin azumi."

"Ya yi shahada," in ji tsohon da sauri. "Wallahi ya yi. Ya kira sunanta ma, sau biyu."

"Da ka tsaya ka faɗa mata," ta ce.

Ta miƙe ta gyara mayafi ta shiga mota. Wani alhaji ya zo da tsinkakken takalmi, ya yi sallama har sau uku, Baba Audi bai ɗago ba.